Hankicin Ermes da Agwagwa ta Biyu

A garinmu na bakin kogin Po abu biyu ne ba a rasawa: sauro da masana waƙa. Sauron ma yana da kunya, lokacin zafi kawai yake zuwa. Masanan kuwa duk shekara muna nan a shagon kofin Primo, muna buga karta muna gyara wa mawaƙan da suka mutu tun kafin a haife mu murya. Na ce muna, don ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba. Amma uban tafiyarmu shi ne Ermes Cavatorta mai gyaran keke.

Sau biyu Ermes ya taɓa shiga babban gidan waƙa na Parma, yana saurayi, ya zauna can saman bene inda talakawa masu kunne suke zama. A faɗarsa, a nan ya yi fiton raini ɗaya tak, wani shahararren mawaƙi ya tattara kayansa ya bar gari kafin a sauke labule. Lokacin da ya fara ba mu labarin mawaƙin ɗaya ne. Yanzu sun kai uku, har da wata mace mai kuka.

Allah da ikonsa, mai wannan bakin sai ya haifi Ilaria, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya wadda in ta gaishe ka sai ka waiga ka ga ko kyanwa ce ta wuce. Ran nan ana cin abincin rana ta zaro wata takarda daga jaka ta tura wa uwarta, Nives.

Nives ta karanta a fili. Makaranta za ta yi wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a kan ambaliyar kogi, an kuma ɗauki Ilaria. A ƙasa Malama Bertozzi mai koyar da waƙa ta jera abin da ya kamata iyaye su sani. Gwaji Talata da Alhamis bayan an tashi. A ba yaro gorar ruwa. Iyaye ba sa shiga wurin gwaji. Kowane matsayi yana da daraja. Ranar wasa a zauna a kujera, a yi tafi lokacin da kowa ke yi.

Ermes ya ajiye cokali ya daki ƙirji. "Jini ba ya ƙarya. 'Yar mai jirgin ruwa aka ba ta, ko? Ita ce uwar wasan."

"Agwagwa ce," in ji Nives.

"Me?"

"Ta biyu."

"Au, agwagin ma har da ta farko?"

Ilaria ta ɗago kai, kunnuwanta sun yi ja. "Baba, ina da baiti guda, layi huɗu, ni kaɗai zan rera. Ban taɓa yin komai ni kaɗai a gaban mutane ba. Malama ta ce in na iya wannan za ta sa ni cikin mawaƙan makaranta baɗi. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka bi takardar nan."

"Haba 'yata, takarda ai don waɗanda ba su san harkar ba ake rubuta ta."

Da yamma takardar tana ƙarƙashin ƙafar teburin shagonsa, dama teburin yana rawa.

Ranar Talata sai ga shi a makaranta da famfon keke a kafaɗa, wai an ce masa tayar keken wani malami ta sace. Tayar ba ta san da zancen ba. Ya bi sautin fiyano har zauren wasanni, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa famfon yana gyara wa yara kiɗa. Malama Bertozzi ta ɗaga hannu daga fiyano ta leƙo shi ta saman tabarau. Tsohuwa ce 'yar firit, rabin garin nan ta hannunta muka bi.

"Baban Ilaria, ka karanta takardata?"

"Malama, ni ba baƙo ba ne a wannan fage. A Parma..."

"Ermes, shekara talatin da biyar da suka wuce na sa ka a layin baya na ce ka riƙa motsa baki kawai, kada sauti ya fito. Shawarar tana nan, ba ta tsufa ba."

Yara suka tuntsire da dariya, ban da agwagwa ta biyu, wadda ta sunkuyar da kai cikin bakin agwagwa na kwali da aka sa mata. Ermes ya dawo shagon Primo ya ce mana ya gano matsalar: matar nan hassada take yi masa tun yana aji uku.

Sai ya koma kan maƙogwaron yarinya. Kullum da safe ɗanyen ƙwai da zuma, haka manyan mawaƙa suke yi. Rana ta farko ta haɗiye da ƙyar, ta biyu ta mayar masa da shi a kan takalmi. Ya naɗa mata gyalen ulu a wuya cikin watan Mayu, kwana uku ƙuraje suka feso. Nives ta cire gyalen ta jefa masa a fuska.

"In ka sake kusantar wuyan yarinyar nan, naka zan naɗe, kuma ba zan sassauta ba."

"Iska fa, Nives. Iska ta buge ta, shi ke nan murya ta tafi."

A kan wannan kam Nives ba ta da ja. Mu nan kowa ya san ba harsashi ke kashe mutum ba, iskar da ke ratsawa tsakanin taga da ƙofa ce. Ita ke sanƙarar da wuya, ita ke toshe kunne, ita ta kwantar da kakan kowa.

Da aka hana shi gwaji aka hana shi maƙogwaro, sai babbar dabara ta faɗo masa. Ya shigo shagon Primo ya tattara kartar da ke kan tebur ya ce mu matso.

"Ku kun san yadda ake yin mawaƙi? Ba murya ke yin sa ba, tafi ne. A da, kowane babban mawaƙi yana da mutanensa a saman bene. Yana rufe baki su tashi da tafi, sauran jama'a su bi kamar tumaki. Ni zan yi wa 'yata haka. Ina son mutum goma sha ɗaya masu hannu."

"Me za mu samu?" in ji Primo.

"Taliyar tortelli ta Nives, mai cuku da ganye, kowa ya ci sai ya ture."

"Ta sani?"

"A gidana ni ke magana."

Ba wanda ya yarda da wannan, amma tortellin Nives ba abin wasa ba ne, duk muka ɗaga hannu. Har da Oreste, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya da rabi, amma tafin hannunsa kamar faranti.

Primo ya kawo cikas. "Agwagin nan uku ne, kayansu iri ɗaya, fuska a rufe da baki. Yaya za mu gane taka?"

Ermes ya yi murmushin wanda ya riga ya hango. Ya zaro farin hankici. "Zan zauna a gaba, bakin hanya, ku kuna baya. In kun ga na fito da wannan, tafi da madalla. In na kaɗa shi sama, ku ce a sake. Kada wanda ya yi tunani, ni zan yi muku."

Muka yi gwaji sau biyu a shagon keke, ƙofa a rufe. Karen maƙwabta ya yi haushi har muryarsa ta dishe, matar mai burodi ta leƙo tana tambaya wa ya ci ƙwallo.

Ranar wasa ta zo, Asabar ta farkon Yuni, ƙarfe huɗu na yamma. Tun da hantsi Ermes ya je taya jera kujeru, abin da ya sa Nives ta fara zarginsa. Yana shiga zauren ya daskare. Tagogi shida a buɗe, ga ƙofa a buɗe tana fuskantarsu, dandamali a tsakiya. Wannan ai kisan kai ne. Ya jira mai gadi ya fita, ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tuna akwai jahilai a duniya, wani zai iya buɗewa. Ya zaro sukudireba ya kwance mariƙan tagogin duka shida, ya zuba su a aljihun kwat ɗin aurensa, kwat ɗin ulu da ya daina haɗuwa da cikinsa tun shekara goma.

Mutum ɗari biyu suka cika zauren. Don Allah kada a ɗora wa Ermes laifin shi kaɗai. Tsofaffin matan da suka fara shigowa sun duba tagogi sun ce Allah ya yi wa wanda ya rufe albarka, yau dai an samu mai hankali a makarantar nan. Kafin a buɗe labule masu albarkar sun fara fifita da takardar shiri.

Hedimasta ya hau dandamali ya fara jawabi. Ermes yana kujerarsa, gumi ya taso daga ƙeya ya gangaro cikin kwala, wani ya biyo goshi ya shiga ido. Daidai lokacin da hedimasta ya sassauta murya ya ce, cikin baƙin ciki, wannan ce shekararsa ta ƙarshe, zai yi ritaya, hannun Ermes ya tafi aljihu da kansa ya zaro hankici.

Mu kuwa an ce kada mu yi tunani. Muka miƙe mu goma sha ɗaya. "Madalla! Madalla!" Oreste yana tafi kamar ana sauke katako daga mota.

Hedimasta ya bi mu da kallo. Shekara ashirin da biyu yana yi wa garin nan aiki. Ya naɗe sauran jawabin ya sauka.

Nives ta juyo. "Waɗancan ba 'yan kartarku ba ne? Me ya kawo su?"

"Masoya ilimi ne," in ji Ermes, ya cusa hankicin a aljihu yana rantsuwa a ransa ba zai sake taɓa shi ba.

Rantsuwar ta yi minti goma. Aka buɗe labule, kogi ya cika, yara suna kaɗa shuɗin zane. Wani yaro da ya fito a matsayin mai injin niƙa ya durƙusa yana waƙar kukan jakinsa da ruwa ya ci. Iyaye mata har sun fara share ido. Ermes ba ya ganin komai, gumi ya rufe masa ido ruf. Ya ce bari ya ɗan dangwala kaɗan, a ɓoye, ƙasa-ƙasa. Amma Primo idonsa idon mai karta ne.

"Madalla!"

Yaron ya haɗiye sauran waƙar ya tsaya yana kallonmu. Ermes ya juyo a firgice, ya ɗaga hannu yana kaɗa mana alamar mu daina. Hankicin yana hannun.

"A sake! A sake!"

Yaro mai biyayya ne, ya koma farko, jaki ya sake nutsewa. Uban yaron, mahauci ne, ya miƙe ya juyo yana nannaɗe hannun riga, matarsa ta janyo shi ta bel. Malama Bertozzi tana buga fiyano da hannu, idonta yana yawo cikin jama'a yana neman mai laifi.

Nives ba ta buƙatar nema. Ta fizge hankicin ta zauna a kansa.

"Ermes, wannan aikinka ne."

"Ni? Ina zaune kamar waliyyi."

"In ka motsa, sai dai a kai ka gida a kwando."

Ermes ya gyara zama. A ransa ma har ya ji sanyi, ya ce to, tunda hankici yana ƙarƙashin Nives, ba abin da zai sake faruwa. Ya manta ba shi kaɗai ke da hankici a garin nan ba. Zafi ya kai inda takarda ba ta fifita, tsofaffi suka shiga buɗe jaka, maza suka shiga lalube aljihu. Kafin agwagi su fito, fararen hankitai sun kai arba'in suna kaɗawa a zauren.

Mu a baya muka rikice. Primo ya ce mu dakata, ba na Ermes ba ne. Ni na ce ko dai ya raba wa mutane. Oreste bai ji ko ɗaya ba.

Agwagi uku suka shigo suna rangaji. Ta farko ta yi nata. Ta biyu ta tako gaba, sanye da safa ruwan ɗorawa, fiyano ya sassauta domin ta. Ermes ya gane 'yarsa, zuciyarsa ta cika fal da so da tsoro. Ta ja numfashi ta buɗe baki.

Oreste ya ga agwagwa, ya ga hankitai ko'ina. "Duk gari ya shigo ƙungiya," ya faɗa da muryar kurma, ya saki faranti biyunsa. Mu kuma, kunya ta hana mu bar shi shi kaɗai, muka bi. Wasu iyayen da ba su san hawa ba balle sauka suka bi mu, yadda Ermes ya ce za a yi.

Ilaria ta rera layinta huɗu, daga na farko har na ƙarshe. Kowa ya ga bakinta yana motsi, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Da ta gama ta ɗage bakin kwalin zuwa goshi, ta nemo ubanta a layin gaba ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba. Ermes ya ce da ma kukan ta yi.

Malama Bertozzi ta rufe fiyano da ƙarfi, zauren ya yi shiru. "Kafin wani ya suma, a buɗe tagogin nan."

Mai gadi ya je ta farko, ya je ta biyu, ya dawo yana sosa kai. "Malama, ba mariƙi. An kwance duka."

Ermes ya ga lokaci ya yi da zai gyara komai da bakinsa. Ya miƙe, ya ja kwat ɗin don ya haɗa maɓalli irin na manya. "Jama'a, a matsayina na wanda ya san..." Aljihun da ya sha nauyi tun hantsi ya ce ya gaji. Mariƙai shida suka zube a kan daɓen katako, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya mirgina har gaban takalmin hedimasta.

Cikin wannan shirun Oreste ya ɗago murya daga baya. "Ermes, mun tafa daidai ko a ƙara? Kuma tortellin da ka ce Nives za ta dafa mana, yau ne ko gobe?"

Nives ta juya a hankali ta ƙirga mu da ido. "Goma sha ɗaya," ta ce. "To. Za ku ci."

Yadda ta faɗe shi, har yau ba wanda ya je karɓa.

"Ermes Cavatorta," in ji Malama Bertozzi, "ɗauki kayan aikinka ka mayar."

Ya tsince su yana durƙuso. Mutumin da ke canja sarƙar keke ido a rufe, sai da ya yi kusan minti goma yana fama da mariƙai shida, sukurori suna faɗuwa, mutum ɗari biyu suna kallon ƙeyarsa. Yana buɗe ta ƙarshe iska ta ratso zauren, tsofaffi suka dafe wuya suka janye albarkar da suka sa masa, suka tsine masa.

Malama ta juya ga dandamali, muryarta ta yi laushi. "Ilaria, ban ji baitinki ba, kuma ina son in ji. Za ki iya sakewa?"

Yarinya ta dubi ubanta. Ermes yana tsaye da sukudireba a hannu yana gyaɗa mata kai, yana nuna mata ta buɗe ƙirji, ta ɗaga haɓa.

"Zan iya, Malama," ta ce. Wannan karon kowa ya ji ta. "In Baba ya fita."

Ba wanda ya yi dariya. Ermes ya sauke hannu. Ya bi ta tsakiyar kujeru, aljihu yana reto, ya fita, mai gadi ya rufe ƙofa a bayansa. Tagogin ta wajen filin ƙwallo suke, an kuma kulle ƙofar filin. Ya tsaya a tsakar makaranta cikin kekunan jama'a, rabinsu shi ya gyara su, ya manna kunne a bango. Ya ji fiyano can ƙasa-ƙasa. Ya ji shiru. Sai ya ji tafi ya tashi, mai tsawo, wanda ba shi ya shirya ba.

Mu a ciki mun cusa hannuwa a hammata, Primo ya riƙe na Oreste. Murya ce 'yar ƙarama, siririya, ba ta kauce ko kaɗan ba. Mahaucin nan ma sai da ya share hanci.

Da aka tashi, Ilaria ta fito da bakin kwali a hannu, uwarta tana riƙe da ita. Ermes ya turo kekensa ya bi su a baya. Sai da suka wuce coci ya iya magana.

"Malama ta ce me?"

"Ta ce in zo baɗi."

"To madalla. Ilaria, in mun je gida za ki rera mini? Layi huɗun kawai."

"Sau biyu na yi, Baba. Na gaji."

Ya ci gaba da tura kekensa. A bakin gada matar mai burodi ta taro su da gudu, ta rungume yarinyar, ta juyo gare shi fuska cike da fara'a, don ita a makare ta shigo, dab da baitin, ba ta ga wanda aka kora ba.

"Baban Ilaria, kai da ka san waƙa, faɗa mana gaskiya. Ka taɓa jin murya mai daɗin ta yarinyar nan?"

Ermes ya dubi ƙararrawar kekensa, ya goge ta da babban yatsa.

"An ce ta yi daɗi," ya ce. "Ni ban ji ba."